Yadda Ake Saita Faktocin Gwaji a Minitab Don Rage Karyewar Shinkafa a Injin Casa

Duk mai injin casar shinkafa a Kura, Bunkure, Garun Malam ko Auyo ya san wannan matsala. Saitin da ya fitar da shinkafa tsaf da hantsi, shi ne zai mayar da buhun wata baiwar Allah tsaki bayan la'asar, alhali ba wanda ya taɓa noti ko ɗaya. Abin da ya canza shi ne shansherar da aka zuba. Wannan ta bushe ƙayau a rana, waccan da sauran danshi a jikinta, wata Faro 44 ce, wata Jamila. Mai inji ba shi da iko a kan abin da za a kawo masa. Ikonsa yana kan fuli, da wuƙa, da ƙofofin inji. Tambayar ita ce: a cikin saitin da ke hannunsa, wanne ne zai fi jure bambancin shansherar da ke shigowa?

Hanyar da injiniyan Japan Genichi Taguchi ya shimfiɗa, don amsa irin wannan tambaya aka yi ta. A shekarar 1953 kamfanin tayil na Ina Seito yana fama da tayil da ke fitowa daga gashi girmansu ba ɗaya ba, saboda zafin murhu bai kai ko'ina daidai ba. Gina sabon murhu kuɗi ne mai yawa. Gwaji ya nuna cewa ƙara farar ƙasa a cikin kwaɓin daga kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari ya sa tayil ɗin ya daina damuwa da bambancin zafin. Murhun yana nan yadda yake, kwaɓin aka gyara. Haka za mu yi da injin casa.

Manhajar Minitab, ta lissafin ƙididdiga a kwamfuta, za ta zana maka jadawalin gwaji cikin ƙiftawar ido, amma ba ta taɓa jin ƙarar inji ya shaƙe ba. Duk abin da ka rubuta mata karɓa za ta yi, ta kuma zana maka hotuna masu kyau ko da shirme ne. Saboda haka yawancin aikin yana kan takarda da bakin inji, kafin a buɗe kwamfuta.

Raba abin da ke hannunka da abin da ya gagare ka

Fakta ita ce duk wani abu da in ya canza, sakamako zai canza. Zauna da wanda yake tuƙa injin kullum, ba mai kuɗin da ya saye shi kaɗai ba, ka tambaye shi da ladabi: "Malam, in shinkafa ta fara karyewa, ina kake fara taɓawa? In ta fito da ɓuntu a jikinta fa?" Amsarsa ita ce jerin faktocinka na farko. A injin ƙarfe irin na Engelberg, wanda ya fi yawa a ƙauyukanmu, jerin ba ya wuce gudun sandar da ke juyawa a ciki, ratar da ke tsakanin wuƙa da sandar, faɗin ƙofar shiga a ƙasan mazurari, faɗin ƙofar fita, da irin rariyar da ke ƙasa. Waɗannan su ne faktocin hannu: ka saita su, su zauna inda ka ajiye su.

Ɗaya rukunin Taguchi ya kira shi hayaniya: danshin shanshera, irin shinkafar, zafin da inji ya ɗauka, cinyewar wuƙa, santsin bel. A ranar aiki ba ka da iko da su. A ranar gwaji kuwa dole ka kama biyu ko uku daga cikinsu, ka juya su da gangan, don ka ga saitin da bai girgiza ba.

Nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Ɗalibi zai sa danshi a cikin faktocin hannu, manhaja ta ce masa kashi 14 cikin ɗari ya fi, ya rubuta wannan a matsayin abin da ya gano. To, an daɗe da sanin cewa wajen kashi 14 ne ya dace da casa. Mai injin haya ba zai iya korar duk wadda ta kawo mai kashi 12 ko 16 ba, don haka sakamakon bai amfane shi da komai ba. Amma lura, fakta ɗaya tana iya sauya rukuni gwargwadon wanda ake yi wa gwajin. Idan ƙungiyar mata masu turara shinkafa ce, su suke jiƙawa, su turara, su shanya da kansu, to danshin da za a kwashe shanya a kansa yana hannunsu, ya zama faktar hannu. Kafin ka sa fakta a wani rukuni, tambayi kanka ko wanda zai yi amfani da sakamakon zai iya riƙe ta a wuri ɗaya kowace rana.

A misalin da za mu bi, faktocin hannu uku ne: gudu, ratar wuƙa, ƙofar fita. Ƙofar shiga za mu kafe ta a inda aka saba, mu ɗaure notinta, mu yi mata alama da fenti. Dalili shi ne ita da ƙofar fita bakinsu ɗaya, su biyun ne suke yanke yawan matsin da ke cikin inji. In ka juya su tare a ƙaramin jadawali, ba za ka iya bambance aikin kowacce ba.

Zaɓen matakai

Kowace fakta za ta sami matakai uku. Biyu suna nuna maka sama ko ƙasa kawai, uku ne suke nuna in akwai wuri mai daɗi a tsakiya, kuma karyewar shinkafa irin wannan hali gare ta. Mataki na 2 ya zama saitin da ake aiki da shi yanzu, na 1 da na 3 su zauna gefe da gefensa. Lambobin da ke ƙasa na misali ne, naka za su fito daga awon injinka.

Gudu da fuli ake canza shi, ba da totur ba. In ka rage totur ka rage ƙarfin injin dizal ɗin gaba ɗaya, ka shigo da wata fakta ta bayan gida. Lissafin shi ne gudun inji sau faɗin fulinsa, a raba da faɗin fulin injin casa. In inji yana juyi 2200 a minti da fuli mai inci 5, fuli mai inci 16 zai ba da 688, mai 14 ya ba da 786, mai 12 ya ba da 917. Ka ga tazarar ba ɗaya ba ce, 98 ce a ƙasa, 131 a sama, duk da cewa fulin inci bibbiyu suke rabuwa. Wannan ba ya ɓata gwajin, amma gudun za ka rubuta a manhaja, ba incin fuli ba, don kada hoto ya ruɗe ka. Kuma ka auna da mitar juyi lokacin da inji yake ɗauke da kaya, domin bel yana santsi ya ci wani abu daga lissafin. Kada mataki na sama ya wuce iyakar gudun da maƙerin injin ya ba shi.

Ratar wuƙa a milimita za ka rubuta ta, misali 2.0, 2.5, 3.0. "Juyin noti ɗaya da rabi" ba awo ba ne, domin zaren noti yana da lasa, kuma wuƙar tana da noti a kowane gefe. Kashe inji, buɗe murfi, ka auna da ma'aunin rata mai ganye-ganye irin wanda makanikai ke saita bawul da shi, a ƙarshen nan da ƙarshen can. In gefe ɗaya ya fi ɗaya matsewa, gyara wannan tukuna. Ƙofar fita kuma, manna guntun rula ko ka zana layuka a jikin ƙarfen da take zamewa a kai: 10, 15, 20.

Tazarar matakai tana son hankali. In ta yi kaɗan, misali rata 2.4, 2.5, 2.6, bambancin zai nutse a cikin kuskuren awo, ka ce wuƙa ba ta da tasiri alhali ita ce kan gaba. In ta yi yawa, wasu layukan jadawalin ba za su gudu ba sam, inji ya shaƙe, bel ya yi ƙauri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfa. Layi ɗaya da ya ɓace a cikin tara ya karya daidaiton jadawalin duka. Maganin shi ne gwajin share fage: kafin komai, gwada mafi matsi, wato ƙaramar rata da ƙaramar ƙofa, sannan mafi saki, wato babbar rata da babbar ƙofa. In na farko ya shaƙe, ko na biyu ya fito da rabin shanshera ba a ɓare ba, matso da matakan ciki.

Wasu kan yi dabarar sauya jerin matakai a manhaja don su kauce wa mugun haɗi. Wannan yana aiki ne kawai in haɗin na faktoci uku ne. In na biyu ne, kamar ƙaramar rata da ƙaramar ƙofa, babu makawa, domin jadawalin an gina shi ne yadda kowane matakin wata fakta zai haɗu da kowane matakin ɗayar. Abin yi a nan shi ne matakai masu zamewa: ka rubuta wa manhaja matakan ƙofa da suna, Matse, Daidai, Sake, sannan a takardarka ka ƙayyade milimitar kowanne gwargwadon ratar wuƙar da ke layin, ta yadda Matse a rata 2.0 ya fi Matse a rata 3.0 faɗi.

Shirya hayaniya

Faktocin hayaniya biyu, kowacce mataki biyu: danshi kashi 12 da kashi 16, iri Faro 44 da wani irin da ake yawan kawowa a yankinka. Haɗinsu ya ba da tsibi huɗu. Kowane layin jadawali za a gwada shi da tsibi huɗun, tara sau huɗu, gwaji 36 ke nan. A kowane gwaji ware kilo 15. Kilo 135 ke nan daga kowane tsibi, ka ƙara kilo 60 na tabbatarwa a ƙarshe, ka tanadi kilo 200. Shinkafar ba asara ba ce, za a sayar da ita, sai dai wadda ta fito daga munanan layuka za ta faɗi a farashi, gara mai inji ya san da haka tun farko.

Kada ka sami danshin kashi 16 ta hanyar yayyafa wa busasshiyar shanshera ruwa. Busasshiyar ƙwaya in ta sake shan ruwa tsagewa take yi a ciki, ido ba ya gani, sai ta shiga inji ta wargaje. Za ka ɗora wa danshi laifin da na yayyafinka ne. Daga shanya ɗaya za ka ɗebi duka biyun: kana bi da mitar danshi, in ta kai 16 ka kwashe rabi, sauran ka bar shi ya sauka 12. Wanda ya sauka 12 zai rage nauyi, kilo 200 a kashi 16 zai koma kilo 191 ne, don haka bar rabin da ya fi yawa a shanyar. Zuba kowane tsibi a buhu mai leda a ciki, irin na ajiyar wake, ka ɗaure baki, ya kwana. A lokacin hunturu buhun da aka bari a buɗe zai bushe kafin ka kai gwaji na goma, matakanka biyu su zama ɗaya. Sake auna danshi da safiyar kowace ranar gwaji ka rubuta. Turarar ma ta zama ta hannu ɗaya, a tukunya ɗaya in zai yiwu, domin shinkafar da ba ta turaru sosai ba tana karyewa ko da wane saiti.

In kuɗi ko lokaci bai kai ba, ana iya haɗe hayaniyar zuwa tsibi biyu kacal, mafi muni da mafi kyau, gwaji ya koma 18. Sharaɗin shi ne ka tabbata wane iri da wane danshi ne suka fi karyewa. In ka haɗa su a karkace, ɗaya zai rufe aibin ɗaya, tsibi biyun su fito kusan ɗaya, ka zaci kowane saiti yana da juriya.

A gaban kwamfuta

Buɗe Minitab ka bi Stat, sai DOE, sai Taguchi, sai Create Taguchi Design. Zaɓi 3-Level Design, yawan faktoci ka sa 3. Faktocin hannu kaɗai ake ƙirgawa a nan. Hayaniya ba ta shiga wannan akwati ko kaɗan, wurinta yana zuwa. Latsa Designs ka zaɓi L9, wato jadawali mai layi tara. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa na ƙara faktar sigina, bar shi babu alama, wannan na gwajin da ake son sakamako ya riƙa bin wani abu da ake juyawa ne, kamar yawan taki da ke zuba ya bi buɗin ƙofar injin watsa taki. Namu ba haka yake ba.

Sai ka latsa Factors, inda ainihin saitin yake. Kowace fakta tana da layi mai wurin suna, wurin matakai, da lambar gidan da za ta zauna a jadawali, wato jerin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa. Suna ya zama gajere tare da ma'auninsa: Gudu_rpm, Rata_mm, Kofa_mm. A nan kaɗai muke ba da shawarar barin haruffa masu lanƙwasa, domin sukan rikice in an kwashe fayil zuwa wata manhaja. A wurin matakai goge 1 2 3 da ke ciki ka rubuta naka, tazara tsakanin kowanne, daga ƙarami zuwa babba: 688 786 917. Ɗigo ake sawa a 2.5, ba waƙafi ba. In matakan suna ne, kowanne ya zama kalma ɗaya. Kada ka bar 1 2 3 da niyyar za ka tuna ma'anarsu, bayan mako biyu ba za ka tuna ko 1 babban fuli ne ko ƙaramin gudu ba.

Lambar gida ba ado ba ce. L9 gida huɗu gare shi. Gida na 1 sau biyu kawai yake sauya mataki daga sama zuwa ƙasa, don haka faktar da ta fi wahalar canzawa ita ke zama a can. A wajenmu gudu ne, tunda sai an kwance fuli, an ja inji a kan gadonsa, an sake ɗaure bel. Rata ta shiga gida na 2, ƙofar fita na 3, na 4 a bar shi fanko. Bayan ka latsa OK, shafin aiki zai nuna haka:

1 — 688, 2.0, 10
2 — 688, 2.5, 15
3 — 688, 3.0, 20
4 — 786, 2.0, 15
5 — 786, 2.5, 20
6 — 786, 3.0, 10
7 — 917, 2.0, 20
8 — 917, 2.5, 10
9 — 917, 3.0, 15

Duba da kyau, saitin da ake aiki da shi yanzu, wato 786, 2.5, 15, ba ya cikin taran. Haɗi 27 ne suke yiwuwa, tara kawai aka ɗauka. Don haka sai ka gwada shi daban, in ba haka ba ba ka da abin da za ka auna ci gaba da shi.

Me ya sa aka bar gida na 4 fanko alhali L9 yana ɗaukar faktoci huɗu? Gwaji tara kwatanci takwas suke bayarwa, kowace fakta mai mataki uku tana cin biyu. Faktoci huɗu sun cinye takwas ɗin kaf, babu abin da ya rage na auna kuskure, shi ya sa teburin ANOVA, wanda ke raba tasirin kowace fakta da kuskuren awo, yake fitowa da taurari a inda ake jiran lambobin F da P masu nuna ko tasirin na gaske ne. Da uku, biyu sun rage. Kaɗan ne, amma sun fi babu. Sai dai ka sani, a L9 haɗin bakin gida na 1 da na 2 yana zuba ne a gida na 3 da na 4. Ma'ana, in tasirin rata yana canzawa da gudu sosai, wani ɓangare na wannan zai bayyana kamar aikin ƙofar fita ne. Gidan da ka bari fanko shi ne mai gadinka: in ragowar da ke cikinsa ta yi girma kusa da na faktocin gaske, akwai haɗin baki.

Wanda yake da faktoci fiye da haka, misali yana son ƙara ƙofar shiga da rariya iri biyu, ya koma Mixed Level Design ya ɗauki L18. Gidansa na 1 mai mataki biyu ne, rariya ta zauna a can, sauran bakwai masu mataki uku. Alherin L18 shi ne haɗin baki ba ya taruwa a gida ɗaya, yana bazuwa ne a kan da yawa. Wanda kuma yake son auna haɗin bakin kansa da matakai uku, sai L27, ya zaɓi wurin da manhaja ke cewa a raba gidaje don a iya ƙiyasta haɗin bakin da aka zaɓa, ya bar ta ta raba da kanta. Da tsibi huɗu na hayaniya gwaji 108 ke nan, ba aikin rumfar casa ba ne a tsakiyar kaka.

Yanzu hayaniya. Minitab ba ta zana mata jadawali, kai ne za ka buɗe gidaje a gefen dama, ɗaya ga kowane tsibi. C1 zuwa C3 faktoci ne. C4 zuwa C7 ka sa musu suna kamar Kar_F44_12, Kar_F44_16, Kar_Jam_12, Kar_Jam_16, na kason karyayya. C8 zuwa C11 na cikakkiyar ƙwaya, da irin wannan suna. In kana son kilo nawa inji ke ci a awa, wasu huɗun. In daga baya ka auna gudu ka ga 670 ne ba 688 ba, gyara ta Modify Design, kada ka bi gidajen faktoci kana gogewa da hannu.

Abin da za a auna, da yadda za a auna shi

In karyewa kaɗai ka auna, manhaja za ta kai ka ga babbar rata da buɗaɗɗiyar ƙofa, inda shinkafa ba ta karye ba saboda ba a ma case ta ba. Shi ya sa sakamako na biyu ya zama dole: nauyin cikakkiyar ƙwaya casassa da ta fito daga kowane kilo 100 na shanshera. Wannan ita ce kuɗin.

Bar inji ya yi zafi kamar minti goma sha biyar da wata shansherar daban. Zana layi a wuyan mazurari. Zuba kilo 3 na share hanya, da sun sauka kan layin ka zuba kilo 10 na awo, a daidai lokacin yaro ya sauya baho a ƙofar fita, wani ya danna agogo. Da kilo 10 sun sauka kan layin, zuba kilo 2 na kora, a sake sauya baho, a tsayar da agogo. Tunda cikin inji a cike yake a farko da ƙarshe, abin da ke bahon tsakiya shi ne amfanin kilo 10. A sheƙe dusa da ɓuntu, a auna. A juya shi sosai, domin tsaki yana gangarawa ƙasan baho, sannan a ɗebi giram 100 a ƙaramin sikeli. A baza a faranti a ware kashi uku: wadda ba ta ɓaru ba, cikakkiya, karyayya. Ƙa'idar ita ce ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba karyayya ce. Mutum ɗaya ya yi tsintar duka 36, kuma a ledar samfur lamba kawai za a rubuta, kada ya san daga wane saiti ta fito.

Kada ka bi layukan daga 1 zuwa 9 a jere. Inji yana ƙara zafi, wuƙa tana cinyewa, mutane suna gajiya, duk wannan zai taru a kan layukan ƙarshe. Rubuta lambobi a guntayen takarda ka zuba a hula: fara jan wane fuli za a soma da shi, sannan jerin layuka uku na cikinsa, sannan jerin tsibi huɗu a kowane layi. Fuli ɗaya a rana ya fi sauƙi, amma hakan yana cakuɗa tasirin gudu da na rana. Rage wannan da fara aiki a lokaci ɗaya kullum, da mutum ɗaya a bakin inji.

Karanta sakamako

Koma Stat, DOE, Taguchi, Analyze Taguchi Design. A wurin sakamako saka C4 zuwa C7 kaɗai, a Options ka zaɓi Smaller is better. Ka gama, ka sake dawowa da C8 zuwa C11, ka zaɓi Larger is better. Kada ka zuba gidaje takwas ɗin lokaci ɗaya, manhaja za ta ɗauke su awo takwas na abu ɗaya, ta haɗa karyayya da cikakkiya ta ba ka lambar da ba ta da ma'ana, ba kuma za ta yi maka gargaɗi ba. A Graphs da Analysis sa alama a kan S/N, wato makin da Taguchi ke auna sakamako da juriyarsa ga hayaniya da shi, da matsakaici, da ma'aunin warwatsuwa, duka ukun.

Ga dalilin na ukun. A ce layi ɗaya ya ba da karyayya 12, 15, 18, 23, wani ya ba da 16, 17, 17, 18. Matsakaicinsu ɗaya ne, 17. Lissafin S/N na "ƙarami ya fi" shi ne a ninka kowace lamba da kanta, a ɗauki matsakaici, a ɗauki log, a ninka da −10. Na farko ya ba da −24.85, na biyu −24.62. Bambancin 0.23 ne kacal, ido zai iya tsallake shi a hoto. Amma warwatsuwar na farko 4.69 ce, ta biyu 0.82. Na biyun shi ne saitin da muka fito nema, wanda mai Jamila da mai Faro za su tafi gida ba wadda ta yi ƙorafi. S/N irin wannan matsakaici ne ya fi rinjayarsa, don haka kada ka dogara da shi shi kaɗai. A hoton S/N kuma kullum mafi tsayi ake ɗauka, ko wane iri ka zaɓa, kuma −22 ya fi −25 girma.

Teburin sakamako zai jera faktoci bisa girman tasirinsu. Zaɓi matakin kowace fakta kana kallon teburan karyayya da na cikakkiya tare. Faktar da ba ta motsa komai ba, sa ta inda ya fi sauƙin mai ko ya fi saurin aiki. Sannan ka shiga Predict Taguchi Results ka sa matakan da ka zaɓa, ka sake yi da 786, 2.5, 15, ka rubuta hasashen biyun.

Da kilo 60 da ka ajiye a kowane tsibi, gwada sabon saiti sau biyu, tsohon sau biyu, a rana ɗaya, kana musanya su. Abin da za ka kwatanta shi ne tazarar da ke tsakanin sabo da tsoho a hasashe, da tazararsu a bakin inji. In sun yi kusa, ɗaure notin, ka yi wa wuƙa da ƙofa alama da fenti, ka rubuta milimitar a jikin bango, domin wuƙa tana cinyewa, ratar tana buɗewa da kanta, sai an riƙa sake aunawa. In ribar da aka gani ba ta kai rabin wadda aka yi hasashe ba, haɗin baki ne ya shiga tsakani, kuma wanda aka fi zargi shi ne na rata da ƙofar fita. Kafe gudu a matakin da ya fi, ka gwada haɗi tara na waɗannan biyun gaba ɗaya, da tsibi biyu na hayaniya, mafi muni da mafi kyau, waɗanda yanzu gwajin farko ya riga ya nuna maka su.